Alan Turing, Mutumin Da Ya Riƙe Asirin Ƙasarsa

Babu ɗan makarantar da bai san kwamfuta ba a yau. Wanda bai taɓa zama gabanta ba ma ya taɓa riƙe wayar hannu, ita kuwa wayar nan kwamfuta ce ƙarama. Amma in aka tambaye mu su wane ne suka fara tsara yadda wannan na'ura za ta yi aiki, yawancinmu sai mu yi shiru. To, ɗaya daga cikin manyan waɗanda suka aza harsashinta shi ne wani Baturen Ingila mai suna Alan Turing, wanda shekara 41 kaɗai ya yi a duniya. Tarihinsa na ke so in ba 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, domin akwai abin mamaki a cikinsa, akwai kuma abin tausayi. Ya yi wa ƙasarsa aikin da ya ceci rayuka masu yawa, aka ce ya rufe bakinsa, ya kuwa rufe har ya mutu. Amma al'amarinsa na cikin gida, shi aka kai gaban alƙali, aka buga a jarida.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Alan Turing a birnin Landan ran 23 ga watan Yuni, 1912. Ubansa ma'aikacin mulki ne a ƙasar Indiya, watau irin aikin nan na su Di'o da Razdan da aka yi a ƙasarmu zamanin Turawa. Da ya ke Turawan wancan lokaci ba su son 'ya'yansu su tashi a ƙasashe masu zafi, sai aka bar shi da wansa a hannun wani tsohon soja da matarsa, a wani gari na bakin teku a kudancin Ingila. Ba su ganin ubansu sai ya zo hutu.

A 1926, yana da shekara 13, aka sa shi makarantar kwana ta Sherborne. Ranar da za a buɗe makaranta sai ta zo daidai da babban yajin aiki na ƙasa baki ɗaya, jiragen ƙasa duk sun tsaya. Wani yaron da ya sami dalilin ƙara hutu ke nan. Shi kuwa sai ya hau kekensa daga Southampton, ya yi ta tuƙi shi kaɗai har mil 60, ya kwana a hanya, kashegari ya isa makaranta.

Duk da wannan himma, malamai ba su ji daɗinsa ba. A makarantar nan harshen Latin da na Girka su ne karatu, kimiyya kuwa ba a ɗauke ta a bakin kome ba. Alan ga mummunan rubutu, ga tawada ko'ina a littafinsa da rigarsa, ga shi ba ya son bin hanyar da malami ya nuna sai tasa. Har shugaban makaranta ya rubuta wa iyayensa cewa in dai kimiyya kaɗai yaron zai sa gaba, to, ɓata lokacinsa ya ke yi a wurin. Ashe yaron nan, tun yana da shekara 16, yana karanta rubuce-rubucen Albert Einstein yana kuma gane su.

A nan ne ya haɗu da wani ɗalibi mai suna Christopher Morcom, wanda ya girme shi da shekara guda. Shi ma gwanin lissafi ne, mai son kallon taurari. Alan ya ƙaunace shi ƙwarai, masu rubuta tarihinsa ma sun ce shi ne farkon wanda zuciyarsa ta kamu da sonsa. Don kada ya ji kunya gaban Christopher sai ya fara gyara aikinsa, yana mai da hankali a aji. Amma cikin watan Fabrairu, 1930, Christopher ya mutu da ciwon tarin fuka wanda ya samu tun yana ƙarami daga shan madarar saniya mai cutar. Mutuwar nan ta girgiza Alan. Ya daɗe yana rubuta wa mahaifiyar abokinsa wasiƙu, ya kuma shiga tunani mai zurfi a kan yadda hankali ya ke zaune cikin ƙwaƙwalwa. Wannan tunani bai bar shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Na'urar da ya ƙera a takarda

A 1931 ya shiga Kwalejin Sarki ta Jami'ar Kambirij. Ya gama a 1934 da sakamako mafi daraja a lissafi, a 1935 kuma, yana da shekara 22, aka zaɓe shi cikin malaman kwalejin.

A lokacin nan akwai wata tambaya da ta dami masana. Wani babban malamin lissafi na Jamus, David Hilbert, shi ya aza ta a 1928. Tambayar ita ce, shin akwai wata hanya guda mai ƙa'idodi bi da bi, wadda duk wanda ya bi ta zai gane ko wace magana ta lissafi za a iya tabbatar da ita, wace ce kuma ba za a iya ba? Turing ya ga ba a amsa wannan sai an fara sanin abin da a ke nufi da bin ƙa'ida. Saboda haka sai ya zana wata na'ura cikin tunaninsa. Ku ɗauka ga wata doguwar takarda kamar zare, an raba ta gida gida. Ga kuma wani ɗan kai mai duba gida ɗaya a lokaci ɗaya. Yana iya karanta alamar da ke cikin gidan, ya share ta, ya rubuta wata, sa'an nan ya matsa dama ko hagu. Abin da zai yi duka yana rubuce cikin jerin umurni. Turing ya nuna cewa duk lissafin da akawu zai iya yi da fensir ta bin ƙa'ida, wannan 'yar na'ura ma za ta iya.

Daga nan sai ya kawo babbar dabarar. Keken ɗinki ɗinki kaɗai ya sani, injin niƙa kuwa niƙa. Amma Turing ya nuna ana iya samun na'ura guda wadda in an rubuta mata umurnin wata na'ura za ta karanta, ta yi aikin waccan. A canza mata umurni, ta zama wata daban. Wannan shi ne asalin kwamfuta, shi ya sa waya guda a yau ta ke yin lissafi, ta ɗauki hoto, ta kai saƙo. Game da tambayar Hilbert kuwa, amsar da ya samu ita ce babu irin wannan hanya, domin akwai tambayoyin da babu na'urar da za ta iya warware su kome daɗewarta tana aiki. A 1936 ya rubuta wannan, yana ɗan shekara 23, tun ba a ƙera kwamfuta ko ɗaya ba. Wani malami a Amurka, Alonzo Church, shi ma ya kai ga wannan amsa ta wata hanya, don haka Turing ya tafi wurinsa a Jami'ar Princeton, ya sami digirin dakta a 1938, ya komo gida.

Yaƙin Hitila

Ran 3 ga Satumba, 1939, Ingila ta shiga yaƙi da Jamus. Kashegari Turing ya isa wani gida da a ke kira Bletchley Park, kimanin mil 50 arewa maso yamma da Landan, inda gwamnati ta tara masu kaifin ƙwaƙwalwa a ɓoye don su karanta saƙonnin abokan gaba.

Sojan Jamus ta wayar iska su ke aika umurni, kowa kuwa yana iya kama wayar iska. Saboda haka su kan juya maganar tukuna, kamar yadda 'yammata su kan yi zaurance don kada na kusa ya gane. Amma nasu zaurancen na'ura ce ke yinsa, sunanta Enigma. Kama ta ke da tafireta cikin akwatin katako. In ka danna harafi, sai fitilar wani harafi daban ta kama. Cikinta akwai waɗansu faya-fayai masu juyawa duk sa'ad da aka danna, don haka ko harafi ɗaya ka danna sau uku, haruffa daban daban za su fito. Hanyoyin da za a iya saita ta sun kai 159 da sifiri 18 a bayansa, kullum kuma sai an sake saiti. Jamusawa sun sakankance babu mahalukin da zai karanta musu wasiƙa.

Gaskiya ita ce ba Turing ne ya fara huda wannan katanga ba. Masu lissafi na ƙasar Folan, musamman Marian Rejewski, su suka gano cikin Enigma tun 1932, kuma a watan Yuli, 1939, suka miƙa wa Ingila da Faransa abin da suka sani. Sai dai Jamus ta yi ta ƙara wa na'urar wuya har dabarun Folan suka kusa daina aiki. A nan Turing ya shigo. Ya lura Enigma tana da wani rauni, watau ba ta taɓa mai da harafi ya zama kansa. Ga shi kuma soja mutane ne masu maimaita magana, kullum sai sun aika labarin yanayin sama da kusan kalmomi iri ɗaya. To, in ka yi zaton wata kalma tana cikin saƙo, kana iya gwada saiti ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya kawo saɓani ka jefar da shi. Mutum ba zai gama wannan ba ko zai shekara dubu, sai Turing ya tsara wani inji mai nauyin kusan tan guda da zai yi gwajin da sauri. Sunansa Bombe. Na farko ya fara aiki a watan Maris, 1940, abokin aikinsa Gordon Welchman kuma ya ƙara masa wata dabara da ta ninka amfaninsa. Kafin a gama yaƙi an ƙera fiye da 200, mata 'yan sojan ruwa ne ke sarrafa yawancinsu dare da rana.

Mafi wuya duka shi ne zaurancen sojan ruwan Jamus, shi kuwa Turing ya ɗauka a kansa. Ingila tsibiri ce, abincinta da mai da kayan yaƙi ta teku su ke zuwa. Har gyaɗa da manja da kuza na Afirka ta Yamma cikin ayarin jiragen ruwa a ke kai su, bayan jiragen sun taru a Firitawun ta Saliyo. Jiragen Jamus masu tafiya ƙarƙashin ruwa suka yi ta nutsar da jiragen kaya a tekun Atlantika, don yunwa ta sa Ingila ta miƙa wuya. Daga tsakiyar 1941 ƙungiyar Turing ta fara karanta saƙonninsu, aka riƙa sanin inda suka yi kwanto, ana kauce musu da ayari. A watan Oktoba na shekarar, da ƙarancin ma'aikata ya dame su, Turing da abokansa uku suka tsallake shugabanninsu suka rubuta wa Firayim Minista Winston Churchill takarda, shi kuwa nan take ya ba da umurni a ba su duk abin da su ke bukata. A farkon 1945 ma'aikatan wurin sun kusa 9,000, kashi uku cikin huɗu mata ne. Harry Hinsley, wanda ya yi aiki a can, daga baya kuma ya rubuta tarihin leƙen asirin Ingila na lokacin yaƙi, ya ƙiyasta cewa aikin gidan nan ya rage tsawon yaƙin da shekara biyu ko fiye.

Abokan aikinsa sun san shi da waɗansu halaye na ban dariya. Ya kan ɗaure kofin shayinsa da sarƙa don kada a ɗauke. In lokacin furanni ya zo, atishawa ta dame shi, sai ya sa takunkumin nan na kare iska mai guba ya hau keke ya tafi aiki. Gwanin gudu ne kuma, a 1947 ya yi gudun famfalaƙi na mil 26 cikin awa 2 da minti 46. A 1941 ya nemi auren wata abokiyar aikinsa, Joan Clarke, ita ma gwanar lissafi. Bai ɓoye mata ba, ya gaya mata cewa shi sha'awarsa ga maza ta ke. Ta ce ta ji ta yarda, amma daga baya ya ga auren zai zama cuta gare ta, ya janye, suka ci gaba da zumunci.

Bayan yaƙi

Da aka gama yaƙi a 1945 aka ba shi lambar girma, amma ba a faɗi dalili ba, domin duk wanda ya yi aiki a Bletchley ya yi rantsuwa ba zai yi magana ba. A 1946 ya gabatar da cikakken tsarin kwamfuta mai aiki da lantarki a ma'aikatar binciken kimiyya ta ƙasa. Aka yi ta jan ƙafa, ya gaji, a 1948 ya koma Jami'ar Mancesta inda aka riga aka ƙera wata.

A 1950 ya rubuta wata maƙala a kan ko na'ura za ta iya tunani. Maimakon gardama sai ya kawo gwaji. A zaunar da mutum a ɗaki, ya riƙa aika tambayoyi a rubuce ga waɗansu biyu da ba ya gani, ɗaya mutum, ɗaya na'ura. In ya kasa rarrabe su ta amsoshinsu, to, da wane dalili za a hana wa na'urar sunan mai tunani? Har yanzu da sunansa a ke kiran wannan gwaji. A 1951 aka zaɓe shi cikin babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila. A 1952 kuma ya juya ga halittu, ya nuna da lissafi yadda sinadarai biyu masu gauraya suna yaɗuwa, ɗaya ya fi ɗaya sauri, za su iya haifar da irin ɗigon jikin damisa ko zanen jakin dawa.

Shari'arsa da mutuwarsa

A watan Janairu, 1952, ɓarawo ya shiga gidansa a garin Wilmslow, ya kai ƙara wurin 'yan sanda. Cikin bincike sai ta bayyana cewa ɓarawon sanin wani saurayi ne wanda Turing ke tarayya da shi. Da aka tambaye shi bai yi ƙarya ba, ya faɗi abin da ke tsakaninsu. Nan take reshe ya juye da mujiya, mai ƙara ya zama wanda a ke tuhuma, domin a Ingila ta lokacin akwai wata doka ta 1885 da ta hana tarayyar namiji da namiji ko da a cikin ɗaki ne, ko da kuwa duka biyun sun yarda. Da ita aka ɗaure marubucin nan Oscar Wilde a 1895.

Ran 31 ga Maris, 1952, aka yi shari'a, ya amsa. Ku duba wannan hali. Ga mutum tsaye gaban alƙali, a bakinsa akwai labarin da in ya faɗa duk ƙasar za ta miƙe ta gaishe shi, amma rantsuwa ta ɗaure shi, bai kuwa karya ta ba. Aka ba shi zaɓi, ko kurkuku, ko ɗaurin talala tare da allurar sinadarin jikin mata har shekara guda don a kashe masa sha'awa. Ya zaɓi allura don ya ci gaba da bincikensa. Maganin ya sauya masa jiki har nono ya fito masa. Jami'a ba ta kore shi ba, amma gwamnati ta rufe masa ƙofar aikin asiri, don a lokacin ana zaman doya da manja da Rasha, ana ganin irinsu abokan gaba za su iya tsorata su su saye su. Watau wanda ya riƙe babban asirin yaƙi shi aka ce ba abin amincewa ba ne.

Ran 8 ga Yuni, 1954, mai yi masa aikin gida ta same shi kwance a gado ya mutu tun jiya, saura kwana 16 ya cika shekara 42. Likitoci suka ce guba ce ta kashe shi. An ga guntun tuffa da aka gatsa a gefen gadon, amma ba a auna ta ba. Mai binciken mutuwa ya yanke cewa shi ya kashe kansa. Mahaifiyarsa kuwa har ta mutu tana cewa tsautsayi ne, don yana da ɗan ɗaki a gidan inda ya ke gwaje-gwaje da irin wannan guba.

Ihu bayan hari

A 1966 masanan kwamfuta suka kafa wata kyauta da sunansa, wadda ita ce mafi girma a wannan fanni. A 1967 aka sassauta dokar da ta kama shi. Labarin Bletchley kuwa bai fito fili a Ingila ba sai 1974, shekara 20 bayan mutuwarsa, sa'an nan jama'a suka fara gane ko wane ne aka wulaƙanta. A 2009 Firayim Minista Gordon Brown ya nemi gafara da sunan gwamnati. Ran 24 ga Disamba, 2013, Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta yi masa afuwa, a 2017 kuma aka yi dokar da ta wanke dubban matattu waɗanda aka hukunta kamarsa. Ran 23 ga Yuni, 2021, ranar haihuwarsa, Bankin Ingila ya fito da takardar fam 50 mai hotonsa.

Al'ummomin duniya sun bambanta ƙwarai a kan al'amarin da aka kama shi dominsa, har yanzu akwai ƙasashe da yawa da dokarsu ta hana shi. Amma ita Ingila da bakinta ta amsa cewa ta zalunci Turing, sai dai ta amsa ne sa'ad da babu kunnen da zai ji.

Mu ɗalibai, abin koyi a nan shi ne naci da riƙon amana, da kuma sanin cewa babban aiki ba na mutum ɗaya ba ne. Ba don masanan Folan da Welchman da dubban matan nan ba, da basirar Turing ba ta kai ko'ina ba. Iyayenmu da malamanmu kuma ina roƙonsu su tuna da yaron nan mai tawada a riga, wanda aka ce yana ɓata lokacinsa. Watakila akwai irinsa a bayan aji a makarantar nan tamu. Mu duka kuwa, in mutum ya yi mana alheri, mu gode masa tun yana da rai, kada mu jira sai hotonsa kaɗai ya rage.